Ni da dashen koko a Zariya, da abin da hunturu ya yi mana

Bara waccan ne shauƙin dashe ya kama ni, na ce ni ma sai na ga koko da fiya da kwakwar manja a ɗan filin bayan gidanmu nan Samaru. Wani mutum na gani a Facebook daga kudu yana ta sa hotuna, ganye kore shar kamar an shafa musu mai, muka koma WhatsApp, ya ce in tura kuɗi kawai gobe kaya na mota. Na tura. Kwana huɗu sai ga direba ya kira ni wai in zo Kwangila in karɓi saƙo.

Wallahi da na buɗe kwalin nan sai da jikina ya yi sanyi. A but ɗin mota aka cusa su ƙarƙashin buhuna, ƙasar ledojin duk ta zube, koko uku ganyensu ya yi laushi kamar an turara, fiya biyu ɗaya ta karye a wuya. Na kira mutumin ya ce in ba su ruwa za su farfaɗo, daga ranar ko gaisuwata bai sake amsawa ba. Kuma fa watan Nuwamba ne, wanda yanzu na san ko kyauta aka ba ka dashe a lokacin gara ka ce a ajiye maka.

Duk da haka na dasa, ina ban ruwa safe da yamma kamar mai jinya. Kafin ƙarshen Janairu kokon nan duka uku sun zama tsinke.

Akwai wani dattijo a unguwarmu da ya yi shekaru yana aikin lambu kafin ya yi ritaya, shi na je na kai wa kuka, na ce Baba sanyin bana ya kashe min itatuwa. Ya yi dariya ya ce, ɗana, sanyin nawa yake? Iska ce ta shanye su. Kuma gaskiyarsa. Sanyinmu na Zariya da asuba a Disamba da Janairu yakan sauka wajen digiri 13 ko 14, koko ba ya son hakan tunda shi ƙasa da 18 ma takura ce, amma abin da ya fi cutar da shi shi ne busasshiyar iskar nan mai fasa leɓe da dunduniya. Itacen kurmi ne, a ƙarƙashin inuwar manyan itatuwa ya saba tashi, cikin laima, inda ruwan sama ke kai milimita 1,500 ko fiye a shekara. Mu kuwa namu bai wuce dubu da ɗan wani abu ba, shi ma daga Mayu zuwa Oktoba ya ɗauke. Shi ya sa ake nomansa a su Ondo da Kuros Riba, ba a Giwa ko Soba ba.

Maganar mai sayarwa kuwa Baba ya koya min abin da har gobe nake amfani da shi. Ya ce duk wanda ya ce maka mangwaronsa ko fiyarsa mai aure ce, wato an yanko reshen wata bishiya mai kyau an haɗa a kan karan dashen, ka duƙa ka nemi tabon auren a jikin karan, kamar taƙi ɗaya daga ƙasa, wani lokacin har da ledar da aka naɗe wurin. In babu tabo to ƙwallo aka shuka, za ka yi shekara bakwai kana jira kuma ba ka san me za ta haifa ba, alhali mai aure shekara uku zuwa huɗu ta fara. Na dawo gida na duba fiyata da ta rage, sumul take tun daga ƙasa har sama. Ya ce kuma ka sayi guda ɗaya ka yaga ledar a gaban mai ita, in saiwar ta nannaɗe kamar gammo ta daɗe a leda, ba za ta yi ƙarko ba. Sannan ka tambaye shi ina uwar da aka yanko reshen, mai gaskiya zai nuna maka ko ya faɗi gonar.

Kwakwar manja ta fi kowanne rikici, don irin da ake so, tenera, haɗi ne na wasu iri biyu, dura da pisifera, kuma in ka tsinci ƙwallonta a gindin bishiya ka shuka ba lallai ta fito kamar uwar ba. Cibiyar NIFOR da ke kusa da Benin su ne masu wannan aikin, na koko kuwa cibiyar CRIN ce a Ibadan, na kayan marmari kuma cibiyar NIHORT, wadda ke da reshe a Bagauda ta jihar Kano. Ni da nake kwana kusa da IAR, cibiyar binciken aikin gona da ke nan Samaru, ban ma taɓa leƙawa na yi tambaya ba, na tsallake na tura wa baƙo kuɗi, abin kunya.

Ƙanena da ke Ingila shi nasa ya fi nawa, wai in aiko masa da dashen mangwaro. Na ce masa ba a shiga da tsiro can sai da takardar shaidar lafiyarsa, kuma mangwaro dare ɗaya na ƙanƙara ya ishe shi. Ya haƙura ya shuka zogale a tukunya bakin taga, da sanyinsu ya shigo ta zubar da ganye tas ta bar masa sanda.

Bana a Yuli na sayi fiya biyu masu aure, da ƙafata na je na zaɓa, na dasa damina na tsakiya a kan ɗan tudu don ba ta son ruwa ya kwanta mata a gindi. Yanzu da hunturu ya kama na kewaye su da zana ta gabas da arewa, na zuba buntun shinkafa a gindin amma ban bari ya taɓa karan ba saboda gara, da yamma in ɗan watsa wa ganyen ruwa in wanke ƙura. Jiya na ga ɗaya ta yi sabon toho ja-ja guda huɗu. Akuyar maƙwabta ma ta gani, don da safen nan na tarar ta fara cin zanar.