Tarihin Rayuwata, Kashi na 19: Shekarar da Aka Cire Zaren Dattijo

Assalamu alaikum. Makon jiya na yi muku alkawarin labarin sunan ɗanmu na fari da fushin da Inna ta yi saboda an yanka rago a Amurka ba a ƙofar gida ba. Ku yi mini uzuri, wannan sai wani jiƙon. Wani tsohon abokin aikina ya kira ni a waya, muna cikin hira ya ambaci Mai Jar Hula, tun daga lokacin abin yake cina a rai. Gara in amayar da shi in huta.

Waɗanda suka biyo ni tun farko sun san yadda na faɗa harkar ƙwallon Amurka ba da shiri ba. Karatun ƙididdiga ya kai ni, kuɗin haya ya fi ƙarfina, na samu aikin ɗalibai a ɗakin bidiyo na ƙungiyar jami'armu. Ranar da na fara ko dokar wasan ban sani ba, ina dai ganin ƙatti suna karo da juna. Da aka lura hannuna ya faɗa a kwamfuta da lissafi sai aka mayar da ni ofishin zawarcin 'yan wasa. Sunan makarantar kuwa ba zan faɗa ba. Ku dai ɗauka tana tsakiyar Amurka, inda gonar masara ba ta da iyaka, sanyi kuma ba ya jin bari.

A zamanin, hukumar NCAA, mai kula da wasannin jami'o'in Amurka, ta ƙayyade wa manyan makarantu yara 85 da za su iya ɗaukar nauyin karatunsu, kuma sababbi ba sa wuce 25 a shekara. Mataimakan koci tara ne, sai a 2018 aka mayar da su goma. Mutum tara ba za su iya zagaye ƙasa mai jihohi 50 ba, dole a zaɓi inda za a sa ƙafa. Shi ya sa kowane ofishi irin namu yake da taswira a bango, an raba wa kowane koci yankinsa. Wanda ya kalli taswirar nan da kyau ya san yadda ƙungiya za ta kasance nan da shekara huɗu.

Tamu taswirar ta Dattijo ce, wani kocinmu mai shekaru. Haka nake kiransa, har ya koyi amsawa. Ya kafa allura a kan garinmu, ya ɗaura mata jan zare, ya zana da'ira mai nisan tafiyar awa biyar ko shida a mota. Ƙa'idarsa ita ce duk yaron da uwarsa za ta iya tuƙo mota ran Asabar ta kalli wasansa ta koma gida, to namu ne, kuma abin kunya ne wani ya zo ya ɗauke shi. Daga tsakiyar Afrilu zuwa ƙarshen Mayu, lokacin da doka ta ba da damar zagayen duba yara, ba ka ganinsa a ofis. Yana shiga sakandaren da ba ta da ko yaro ɗaya da muke so a shekarar, ya ajiye musu kwalin donat, ya zauna da kocinsu su yi hirar ciwon gwiwa da jikoki. Idan kuwa akwai yaron da yake nema, kafin ya ga kocin sai ya tsaya wajen matar da ke rubuta masu makara da fashi. Ya ce mini ita kaɗai ce ba ta da dalilin yi masa ƙarya. Da hunturu kuma yana zuwa kallon kokawar 'yan makaranta, wai a nan ake gane ƙaton da ƙafarsa ke da sauri, wanda ba ya faɗuwa da wuri. Yawancin 'yan layin gabanmu, wato ƙattin da ke karo da abokan hamayya, daga tabarmar kokawa ya tsinto su, wasu ma ba su da tauraro ko ɗaya a Rivals, shafin intanet da ke auna 'yan wasan sakandare da taurari.

Duk lokacin da na kalli zaren nan sai maganar Baffa ta faɗo mini. Daren da zan taho, a zaure, gaban su Kawu da Yaya, bai ce Allah Ya kiyaye hanya ba sai da ya fara cewa, "Kowa ya bar gida, gida ya bar shi." Inna ta yi ta ba ni haƙuri wai ba da ni yake ba. Da wa yake? Ni kaɗai ne mai jaka a wurin. Na daɗe ina jin zafin maganar, sai ga shi a ƙasar da Baffa bai taɓa gani ba na tarar da wani tsohon Bature yana aiki da ita.

Aka yi shekara biyu ba ma cin wasa yadda masu ba da kuɗi suke so, aka sallami babban koci. Sabon ya zo da mutanensa, cikinsu har da Mai Jar Hula, wanda aka ba shugabancin ofishinmu. Daga kudu ya fito. Makonsa na farko ya tsaya gaban taswira, ya sa yatsa ya zare zaren Dattijo, ya dunƙule shi ya jefa a kwandon shara, Dattijo yana zaune. Ya kwashe allurai ya zuba su a Fulorida da Teksas da Jojiya. Ya ce gudu ake nema, gudu kuma ba ya tsirowa a gonar masara.

Ni mai gaskiya ne ko a kan wanda ba na so. Maganarsa ba ta banza ba ce gaba ɗaya. Teksas da Fulorida da Kalifoniya da Jojiya su ne kan gaba wajen fitar da 'yan wasa, Luwiziyana kuma idan aka duba ƙarancin mutanenta abin sai mamaki. A can yaro yana waje yana gudu duk shekara. Akwai garuruwan rake a bakin tafkin Okeechobee, Belle Glade da Pahokee, ƙanana ne kuma talakawa, amma 'yan wasan da suka tura NFL, babbar gasar ƙwararru, sai ka rantse birane ne. A Teksas kuwa, garin Allen ya buɗe filin wasan sakandare a 2012 mai cin mutum 18,000, an kashe masa kusan dala miliyan 60. Sakandare fa! Na sha kallon bidiyon yaran nan a Hudl, shafin da ake ɗora bidiyon wasanninsu, har tsakar dare, na san abin da ya gani.

Abin da ya ƙi gani shi ne ba mu kaɗai muke da ido ba. Yaron da ya fi kowa a Miyami, Jami'ar Alabama tana ƙofar gidansu, ta Florida State tana nan, ta Jojiya tana nan, LSU ta Luwiziyana tana nan. Me zai kai shi garin da sai ya canza jirgi sau biyu? Mu sai dai mu samu wanda duk waɗannan suka duba suka wuce, mu kuma kashe kuɗin jirgi da otal ninkin ba ninkin kafin mu same shi. A kawo shi ziyarar awa 48, a ɓoye shi cikin gine-gine masu ɗumi, a cika shi da nama, ya sa hannu ranar Larabar farko ta Fabrairu, ranar da sababbin 'yan wasa ke ƙulla alkawari da makarantu, ana ta tafi. Sai Nuwamba ta zo, iska ta fara yanka kunne, ba a sa shi a wasa, kakarsa ba ta da lafiya, ba shi da kuɗin tikiti. Na ga yaro mai nauyin buhu biyu yana kuka a bayan ɗakin wanki. Lokacin ma idan ka canza makaranta sai ka zauna shekara guda ba wasa, amma haka suke haƙura su tattara su tafi.

Ba wanda ya sa ni, na zauna na kwaso fayilolinmu na shekaru masu yawa. Ban ƙirga taurari ba. Na duba wa ya kai shekara ta huɗu, wa ya shiga cikin waɗanda ake fara wasa da su, wa ya karɓi digiri, sannan nawa muka kashe kafin ya sa hannu. Abin ya fito fili ƙarara: 'yan cikin zaren Dattijo su ne suke zama. Na rubuta shawara. A riƙe gida da hannu biyu, musamman ƙattin layin gaba. Masu gudu kuma a nemo su daga nesa, amma a zaɓi birni ɗaya, a tura koci ɗaya, ya yi shekaru yana zuwa har makarantun wurin su san fuskarsa. Na kawo misalin Tom Osborne, kocin Jami'ar Nebaraska, wanda ya ci kofin ƙasa a 1994 da 1995 da 1997. Ya ɗauko gwarzon ɗan wasansa Tommie Frazier daga Bradenton ta Fulorida, gaskiya ne, amma 'ya'yan manoman jiharsa ne suka cika masa ƙungiya, da yawansu ma da kuɗin iyayensu suka fara. Na kawo koci Howard Schnellenberger, da ya je Jami'ar Miyami ya shata kudancin Fulorida ya ce nan ƙasarsa ce, ya ci kofi a kakar 1983.

Na gabatar a taron safiyar Litinin. Mai Jar Hula bai buɗe takardar ba. Ya ce shi Schnellenberger da ya shata gidansa Miyami ya tarar a ciki, mu idan muka shata namu shanu za mu tarar. Aka yi dariya. Wannan ban ji haushinta ba, magana ce ta muhawara. Sai ya juyo ya ce, "Af, tuna mini, a ƙasarku ma ana buga wannan wasan ne?" Aka sake fashewa. Dattijo kaɗai ya sunkuyar da kai. Na tattara takarduna, hannuna yana rawa, na fita. Har gobe idan na tuna sautin dariyar wani ƙaramin koci da ni na koya masa amfani da manhajar bidiyo, sai in ji ɗaci a bakina.

Birnin da na zaɓa a takardar shi ne Hustan. Akwai jirgi kai tsaye daga babban filin da ke kusa da mu, ga makarantu birjik, ga 'yan Najeriya cike da unguwar Alief da kewayenta. Emmanuel Ogbah, haifaffen Legas, a yankin ya tashi, ya je Jami'ar Oklahoma State, aka ɗauke shi NFL a 2016. Kafin shi an yi Amobi Okoye, wanda ƙungiyar NFL ta Hustan ɗin ta ɗauka a 2007 yana ɗan shekara 19. Na san iyayen nan. Ba girman fili ne tambayarsu ta farko ba. Doka ba ta ba irina damar fita zawarci ba, sai dai idan sun zo ziyara. To, wata rana aka kawo wani yaro da mahaifinsa, mutumin Anambara. An zagaya da shi ɗakin motsa jiki, an nuna masa riguna kala-kala, fuskarsa a murtuke. Da aka haɗa mu na ce daga Kano nake, sai ya kama hannuna ya ja ni gefe, ya ce, "Ɗan'uwa, faɗa mini gaskiya, idan yaron nan ya karya ƙafa, zai fita da digirin injiniya?" Na kai shi tsangayar da ƙafata, ya ga malamai. Da daddare uwargida ta dafa musu dafa-duka da barkono na gaske. Yaron ya sa hannu, ya yi shekarunsa cif, ƙaninsa ma ya biyo shi.

Bayan shekara biyu, a liyafar masu ba da kuɗi, ina tsaye a baya ina kula da majigi, na ji Mai Jar Hula yana ba da labarin yadda tunanin Hustan ya zo masa. Har da maganar 'yan Najeriya. Allah Ya isa ban ce ba, amma na kusa.

Gida kuwa ya bar mu, kamar yadda Baffa ya faɗa. Akwai wani yaro a garin da bai kai tafiyar awa ɗaya ba, zakaran kokawa, tun yana ƙarami yake sa rigarmu. Kocinsa ya yi ta kira, ni nake rubuta saƙon in ajiye a teburin Mai Jar Hula, ba a taɓa mayar masa da kira ba. Abokan hamayyarmu na maƙwabciyar jiha suka zo suka ɗauke shi. Shekara uku yana zuwa filinmu yana tumurmusa mu, danginsa suna zaune a kujerun baƙi. Kococin sakandare kuma suna da ƙungiyarsu, suna haɗuwa, magana tana yawo. Makarantun da Dattijo yake shiga ba sallama suka koma cewa koci ba ya nan.

A cikin shekarun nan ne Baffa ya rasu. Takarduna suna hannun hukumar shige da fice, ban samu jana'iza ba, ban samu sadakar uku ba. Da na kira Yaya, gaisuwa kaɗan ya ce, "To, ka dai tuna abin da ya gaya maka." Wai a ranar. Ni da kuɗina aka rufa ɗakin Inna da kwano, ni na biya asibitin Baffan har ƙarshe, amma ni ne wanda ya bar gida. Wannan maganar za mu dawo kanta, don ban gama da Yaya ba.

Yanzu yaran ofis suna ce mini taswira ta mutu. Tun da aka buɗe rumbun canjin makaranta, inda ɗan wasan da ke son sauya jami'a yake sa sunansa, a 2018, aka kuma halatta wa 'yan wasa karɓar kuɗi da sunansu a Yulin 2021, wai kowa na kowa ne, mai kuɗi shi ke ɗauka. Ni dai abin da nake gani, yaron da ya tafi nesa abin bai yi masa daɗi ba, idan ya shiga rumbun nan, makarantar kusa da uwarsa yake fara dubawa, kuma kocin da ya taɓa zama a falonsu yana ɗan shekara 16 shi yake ɗaga wa waya.

Mai Jar Hula bai jira an kore shi ba. Ya hango inda iska ta dosa, ya samu aiki a wata makarantar da albashin da ya fi namu, ya bar mana allurai a Fulorida da ɗakunan kwana babu kowa. Wanda ya gaje shi sai da ya bi sakandaren jihar ɗaya bayan ɗaya yana ba da haƙuri, kuma ni aka sa na rubuta wasiƙun da ya riƙa aikawa kafin ya je. Dattijo ya riga ya yi ritaya, sai gidansa na je na karɓo tsohon littafinsa mai lambobin waya, rabin mutanen ciki sun mutu ko sun bar aiki.

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, zan faɗa muku yadda lauyan da na ba amanar takarduna ya kusa sa a mayar da ni gida da jaka ɗaya.