Jan fenti a katangar gidan burodina

Gidan da na kama haya don gasa burodi, a takarda gidan zama ne. Abin da ya hana ni buɗewa na tsawon watanni ke nan, alhali an gama gina tanda, injin kwaɓa fulawa na ajiye, yaran aiki kuma suna jiran ranar farawa.

Ina da rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni ta Najeriya, na kuma fara neman ta NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, amma babu wadda ta shafi izinin amfani da gini a cikinsu. Tun dokar amfani da ƙasa ta 1978 filayen birni a hannun gwamna suke, kuma shaidar mallakar da yake sa wa hannu, galibi ta shekara 99, tana fayyace abin da za a yi da filin: zama ko kasuwanci ko masana'anta. Mai son sauyawa sai ya nemi izini. Dokar tsara birane ta 1992 kuma ta ba hukuma ikon tsayar da aiki. Da ikon nan aka zo aka shafa wa katangarmu jan fenti, aka ce kada mu kuskura mu kunna wuta.

Ban ga laifin dokar ba, don tanda a tsakiyar gidajen iyali ba abin wasa ba ce. Abin da ya ƙona mini rai shi ne bakin jami'an ba ɗaya ba. Na farko ya zagaya, ya ce a fitar da ƙofa ta biyu ta baya saboda gobara, shi ke nan. Muka fasa bango muka sa ƙofa. Na biyu ya zo ya ce fasa bangon ya saɓa wa zanen ginin da aka amince da shi. Na ce, "Ranka ya daɗe, abokin aikinka ne ya sa mu." Ya ce, "Malam, nuna mini a rubuce."

Daga ranar, duk abin da aka faɗa mini sai in mayar da shi wasiƙa, in kai ofis, a buga mini hatimi a kwafina. Kuɗi kuwa sai a banki, da rasit. An yi mini tayin gajeriyar hanya, na ƙi, domin takardar bayan fage ba ta kare mutum ranar da aka sauya jami'i.

Wurin mai gida ne na fi shan wahala. Shaidar mallaka da sunansa take, don haka shi zai nemi sauyin, shi kuwa Alhaji yana tsoron harajin filinsa ya hau. Sai da na ɗauki nauyin ƙarin, muka rubuta a gaban shaidu, sannan ya sa hannu. Shi ya sa yanzu nake ce wa duk mai neman wuri ya ga kwafin shaidar mallaka da zanen gini kafin ya biya ko sisi.

Ashe ƙorafin da ya jawo mana jan fentin ma daga maƙwabta ya fito, kuma suna da gaskiya a kan hayaƙi. A zauren mai unguwa muka daidaita: na ƙara wa bututun hayaƙi tsawo, na ɗauke itace daga jikin katangarsu, janareta kuma ba ya wuce sallar isha. 'Yan kwana-kwana suka duba tukwanen kashe gobara, duba-gari ya duba kwata da banɗaki.

Izinin ya fito da sharaɗin kada motocin ɗaukar burodi su tare layi. Hayar watannin da muka yi a rufe kuwa Alhaji ya ce ba zai rage ko kwabo ba, har yanzu maganar tana gaban mai unguwa.