Bututun hayaƙin da muka bari a buɗe

Har yau in na wuce ta gaban kan jirgin ƙasan nan da ke gidan kayan tarihi sai raina ya sosu, domin da muka zo gyara shi ni na dage a fara da fenti. Ƙaramin kai ne mai cin kwal, na siririn layin dogon da ya haɗa Zariya da Jos da Bukuru don jigilar kuza, wanda aka rufe a 1957. Faɗin layinsa ƙafa 2 da inci 6 ne, ba ƙafa 3 da inci 6 na babban layin Legas zuwa Kano ba. Duk abin da ya lalace a jikinsa sai dai a ƙera.

Da rani muka kankare tsatsa da burushin waya, jan fenti shafi biyu, baƙi shafi biyu. Masu zuwa gidan kayan tarihin suka yi ta ɗaukar hoto.

Ba wanda ya ɗaga kai ya dubi bututun hayaƙi.

Damina biyu ruwa na sauka ta nan cikin akwatin hayaƙi, wato ɗakin da ke gaban tukunyar da ke tafasa ruwa ya zama tururi. A ƙasansa akwai tsohuwar tokar kwal da ba a taɓa kwashewa ba. Tokar kwal tana da farar wuta, in ta jiƙe sai ta koma asid, kuma ba ta bushewa da wuri. Ranar da muka buɗe ƙofar na ɗan ƙwanƙwasa da guduma, sai ga rami. Ƙarfen ya zama kamar ɓawon gyaɗa, waje kuwa sai sheƙi.

Da mun yi aikin yini ɗaya, da mun hana wannan. A kwashe tokar tas, a huda ramin inci 1 inda ruwa ke kwanciya, a kifa farantin ƙarfe a bakin bututu, amma a bar tazarar yatsa biyu. In aka toshe shi ruf, gumi zai taru a ciki, tsatsar ta dawo. Sandunan da ke juya ƙafafun jirgin giris suke so, ba fenti ba. Farin abin da ke naɗe da tukunya kuma sau da yawa asbestos ne, kada a kankare shi a bushe, ƙurarsa na lalata huhu.

Mai walda ya yanke ƙasan akwatin ya sa sabon faranti. Kuɗin ya ninka na fenti, amma ba shi ke ci mini rai ba. Ƙusoshin asali da aka daɓe da hannu, duk sun tafi da ruɓaɓɓen ƙarfen.