Talata a Damagaram: ruwan da ba komai cikinsa ya nuna BPA

Da safe na tarar da tukunyar Sokisle ta huce, wato na'urar gilashin da muke wanke garin da muka haɗa don kama sinadarin BPA a ruwa. Wuta ta ɗauke cikin dare, wankin da ya kamata ya yi awa 24 bai kai rabi ba. Na san haka, amma don gaggawa muka ɗebi garin muka cika bututu.

Bari in rubuta haɗin tun daga tushe, don mai zuwa bayanmu. Abin da muke farauta cikin ruwa shi ne bisfenol A, wato BPA, sinadarin da ke kwaikwayon homon ɗin istirojin a jiki. Dabarar kamar a danna gyaɗa ne cikin ɗanyar laka, a bari ta bushe, a ciro gyaɗar. Gurbin da ya rage sai mai irin surarta zai zauna ciki daram. Gyaɗar tamu BPA ce, miligiram 228, wato milimol 1. Sai 4-binilfiridin milimol 4, kusan mililita 0.43, shi ke riƙe BPA ta wajen kunnuwanta biyu na fenol. Sai sinadarin EGDMA milimol 20, kusan mililita 3.8, shi ne lakar da ke sandarewa. A narka su cikin asetonitiril, a zuba AIBN, sinadarin da ke tayar da sandarewar, kamar miligiram 40, a busa iskar nitirojin minti 10 don korar oksijin, domin oksijin na kashe haɗin tun bai kankama ba. A toshe kwalbar, a ajiye a zafin digiri 60 awa 24. Abin da ke fitowa farin dunƙule ne mai tauri kamar alli. A daka shi a turmin labo, a tankaɗe, a riƙe tsakanin mikuron 25 da 63. A gefe kuma a yi tagwayensa, komai iri ɗaya amma ba BPA ciki, shi ne ma'auni.

AIBN dai firigo ne mazauninsa. A zafin garin nan na watan Afrilu, wanda ya bar shi kan tebur ya yi asara.

Wajen ƙarfe 10 muka yi gwaji. Gari miligiram 200 cikin bututun mililita 3, matata sama da ƙasa. Metanol mililita 5, ruwa mililita 5, sannan samfuri mililita 100, ɗigo ɗigo, kada ya wuce mililita 2 a minti. Samfuri uku ne: ruwan tabki da aka tace da matatar zaren gilashi, ruwan bido daga ƴan ga-ruwa, da tsarkakken ruwan labo wanda bai kamata ya nuna komai ba. Duka cikin kwalaben gilashi masu duhu, ba roba.

Da la'asar na'urar HPLC, mai rarrabe sinadarai tana nuna kowanne da tsini, ta fito da zane. Ga tsinin BPA a ruwan tabki, ga shi a ruwan bido, ga shi kuma tsaye ƙyam a tsarkakken ruwan, tsawonsu kusan ɗaya. Ɗalibin da ke taya ni har ya fara murna: "Malam, ashe ruwan bidon ma akwai shi!" Na ce ya duba takarda ta uku tukuna. Bututun tagwayen bai nuna komai ba a tsarkakken ruwa, don haka ba kwalba ba ce, ba metanol ba ne, ba kuma hannun wani da ya taɓa rasit ɗin kanti ba, ko da yake takardar nan mai santsi sananniyar hanyar BPA ce. Tarkonmu ne ke yoyo. BPA da muka gina gurbin da ita ba ta gama fita ba, wata ta maƙale can cikin lungunan da wanki bai kai ba, tana tsattsafowa duk lokacin da metanol ya ratsa. Miligiram 228 muka zuba, abin da muke nema a ruwa kuwa nanogiram ne. Ko kashi ɗaya cikin dubu ya rage, ya isa ya binne sakamakon.

Akwai kuma abin da na daɗe ina zargi game da Sokisle. Ana cewa a wanke da metanol da asid asetik, 9 da 1. To metanol na tafasa a digiri 65, asid ɗin sai 118, don haka abin da ke hawa ya sauko kan garin kusan metanol ne zalla, asid ɗin na zaune a gindin tukunya. Daga yau jiƙawa za mu yi cikin haɗin kai tsaye, ana motsawa, ana sauya ruwan, ana auna kowane wanki har tsinin ya ɓace. Wannan ma ya rage mana wahalar ruwan sanyaya tururi, wanda bokiti da ƙanƙara muke yi masa.

Magani na dindindin shi ne a gina gurbin da ƴar uwar BPA mai kama da ita a sura, wadda ke fitowa a wani lokaci dabam a na'ura. Ko ta yi yoyo ba ta ɓata lissafi.

Kuskure na biyu namu ne: ba mu busar da bututun sosai ba bayan samfuri. Cikin ruwa, garin kama duk wani abu mai gudun ruwa yake yi, da gurbi da babu, har dattin ruɓaɓɓen ganyen tabki. Sai ya bushe, an ɗauraye da ɗan asetonitiril, sannan baƙi su fita, ƴar gida ta zauna.

Taka-tsantsan ɗin na da dalili. A 2023 hukumar EFSA mai kula da lafiyar abinci a Turai ta sauko da abin da ta ce jiki zai iya ɗauka a yini daga mikurogiram 4 zuwa nanogiram 0.2 kan kowane kilo. A nan kuwa mutane ledar ruwa da bido suke tuhuma, alhali su foli-etilin ne, ba da BPA ake yin su ba. Inda take shi ne robar folikabonet mai tauri, rufin cikin gwangwani, da rasit. Da mun fita da zanen yau, da ƴan ga-ruwa mun ɗora wa laifin da ba mu auna ba.

Garin na cikin wanki na biyu. Samfuran sun koma firigo, digiri 4, in wuta ta kwana.