Kifin kaf a tafkunan bakin teku: a mashigar ruwa ake tare shi

Mutane da yawa sun ɗauka gishiri zai hana kifin kaf (carp a Turance), wato Cyprinus carpio, shiga tafkunan bakin teku, tunda kifin ruwan daɗi ne. Ba haka abin yake ba. Ruwan teku na da gishiri kimanin giram 35 a lita, amma tafkin da rafuka ke zuba a cikinsa ruwan zartsi ne, kuma babban kaf na jure kusan giram 10 a lita. Da an yi ruwa mai yawa gishirin ya tsinke, sai kaf ya biyo ambaliya ya shigo. An same shi a Mar Chiquita ta Ajantina, da Albufera ta Sifen, da tafkunan Gippsland na Ostireliya, dukkansu wuraren da doka ke karewa.

Idan ya shigo yakan lalata tafkin, kuma yadda yake kiwo ne ke jawo ɓarnar. Yakan kafa baki a ƙasan ruwa, ya zuƙi laka, ya tace tsutsotsi da ƙananan katantanwa, ya feso sauran. Ruwa ya gurɓace, hasken rana ya kasa kaiwa ƙasa, ciyawar ƙarƙashin ruwa ta mutu, wadda ta rage kuma ya tuge ta. Sinadarin fosfaras da ke kwance cikin laka ya taso, gansakuka ta samu taki, ruwan ya koma kore shar. Agwagin da ke nutso neman abinci su ƙaura. Masu bincike sun lura lalacewar na bayyana sosai idan nauyin kaf ya haura kilo 100 a hekta guda.

Kuskuren da aka fi yi wajen yaƙi da shi shi ne a zuba masunta da taru a tsakiyar tafki, a auna tan-tan na kifi, a ce an ci nasara. Babbar mace guda na iya zuba ƙwai sama da miliyan, kuma ba cikin zartsi take zubawa ba. Idan zafin ruwa ya kai digiri 17 zuwa 18 a ma'aunin Celsius, sai su haura rafuka da fadamu marasa zurfi, su manna ƙwai a jikin ciyawa. Can ne tushen, can ya kamata kuɗin ya tafi.

A sa shingen ƙarfe a mashigar fadamun kafin lokacin haihuwa, a riƙa share shi, domin shara na toshe shi ruwa ya tsallake ta gefe. A Ostireliya ana amfani da wani keji da ya dogara da halin kaf na tsalle: kaf ya tsallaka ya faɗa ɗaki na biyu, kifayen gida su wuce ta ƙasa. Akwai kuma dabarar maƙala wa wasu maza na'urar bin sawu, su kai masu aiki inda garken ya taru lokacin sanyi, a zagaye shi da taru. Gubar rotenon ta yi aiki a tafkin Zóñar na Sifen a 2006, amma wancan rufaffen tafki ne. A tafkin da ke haɗe da teku za ta kashe 'ya'yan kifin teku da ke girma a ciki, kaf kuma ya dawo ta rafi a ambaliya ta gaba.