Godiya Bayan Zamanmu Kan Matasa Masu Fama da Ciwon Ƙwaƙwalwa da Shaye-shaye

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Alhamdu lillahi, an yi taro an tashi lafiya. Mu likitoci da nas-nas da masu ba da shawara da muka shirya zaman ranar Asabar muna godiya ga Mai Unguwa, Allah ya ja zamaninsa, da ya ba da izini kuma ya zauna har aka shafa fatiha. Mun gode wa shugaban makarantar da ya buɗe mana ɗakin taro, da samarin da suka jera kujeru, da matan da suka kwana a kan tukunya. Allah ya saka da alheri.

Iyayenmu mata ne suka cika ɗakin, kuma su suka yi tambayar da ta fi kowace nauyi: yaro yana shan ƙwaya, kuma yana magana shi kaɗai, wanne za a fara magancewa? Mun gode da wannan tambaya, za mu maimaita amsar saboda waɗanda ba su samu zuwa ba. Tare ake kama su. Wani yaron ciwon damuwa ko fargaba ko rashin barci ne ya fara kama shi, sai aboki ya miƙa masa kodin ya ji sauƙi. Wani kuma wiwi ya fara sha tun yana ɗan shekara goma sha huɗu, daga baya ya soma jin muryoyi da zargin ana binsa. Idan aka raba shi da ƙwaya aka bar ciwon da ya kai shi gare ta, zai koma. Idan aka ba shi maganin ƙwaƙwalwa yana ci gaba da sha, maganin ba zai yi aikinsa yadda ya kamata ba. Kada a ce sai ya daina tukuna a kai shi asibiti. A kai shi a yadda yake, a faɗa wa likita gaskiyar abin da yake sha, nawa a rana, da lokacin da ya sha na ƙarshe. Ruɗewar da ƙwaya kaɗai ta jawo takan lafa cikin kwanaki ko makonni bayan an daina. In ta wuce wata guda tana nan, likita zai duba ko akwai wani ciwon a ƙasa.

Ba gidanku kaɗai ba ne. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi shaye-shaye a shekara guda a Najeriya: miliyan 10.6 wiwi, miliyan 4.6 irin su tiramol, miliyan 2.4 maganin tari, wasu na haɗa fiye da ɗaya.

Godiya ta musamman ga matasan da suka miƙe a gaban iyayensu da malamansu suka faɗi halin da suka shiga. Ba za mu kama sunan kowa ba, kuma muna roƙon duk wanda ya ɗauki hoto ko bidiyo kada ya ɗora shi a Facebook ko ya tura a WhatsApp. Abin da kuka faɗa kan wahalar dainawa gaskiya ne, ba raki ba ne. Mai shan kodin ko tiramol in ya tsaya, cikin kwana guda zai fara hamma, majina, gumi, ciwon gaɓoɓi, gudawa da rashin barci. Abin yakan yi tsanani a kwana na biyu da na uku, ya sassauta cikin mako guda zuwa kwana goma. Da wuya wannan ya kashe mai ƙoshin lafiya, amma ana buƙatar ruwan gishiri da sukari saboda gudawa da amai. Na masu shan magungunan sa barci irin su roci da baliyam daban ne, kuma a nan iyaye suka fi yin kuskure. Wanda ya daɗe yana sha, aka kulle shi a ɗaki aka yanke masa lokaci ɗaya, zai iya yin jijjiga ko ya ruɗe, har ta kai ga rasa rai. Likita ne ke rage masa kaɗan-kaɗan cikin makonni.

Akwai wani haɗarin da ba a cika sani ba. Yaron da ya yi wata biyu bai sha ba, jikinsa ya daina jure adadin da ya saba. Ranar da ya koma ya sha irin na da, numfashi na iya tsayawa. Shi ya sa makonnin farko bayan sallama daga asibiti ko fitowa daga gidan yari suka fi tsoratar da mu. In aka same shi ba ya farkawa, numfashinsa ya yi ƙasa, ƙwayar idonsa ta tsuke, leɓensa ya sauya launi, kada a ɗura masa madara ko manja, za su tafi huhu. A kwantar da shi ta gefe, a garzaya asibiti da ragowar abin da ya sha. Akwai allurar naloxone da ke karya ƙarfin kodin da danginsa.

Masu kemis da suka amsa gayyata, mun gode, mun san ba kowa ne zai zo ya zauna a inda ake maganar sana'arsa ba. Tun watan Mayun 2018 gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Tiramol na asibiti miligiram 50 ne ko 100, kuma ba a wuce 400 a rana ko ga babba. Wanda ke yawo a tasha mai 225, biyu kawai sun zarce iyaka, kuma jijjiga na daga cikin abin da yake jawowa, musamman in ya haɗu da maganin ciwon damuwa. Sai ekzol. Mukan rubuta shi don sassauta sandarewar wuya da karkarwar da wasu magungunan ƙwaƙwalwa irin su haloperidol ke sawa, amma an mayar da shi abin maye. Kada ku bayar sai da takardar likita mai kwanan wata, kuma daidai adadin da aka rubuta.

Limamanmu da malamanmu, Allah ya ƙara muku lafiya. Mun ji daɗin yadda kuka faɗa da bakinku cewa addu'a da ruƙiyya ba su hana zuwa asibiti. Mari da bulala da horon yunwa kuwa ba sa warkar da kowa. Ba mu manta da abin da aka gano a gidajen mari na Rigasa ta Kaduna da Daura a 2019 ba, lokacin da 'yan sanda suka fito da ɗaruruwan mutane, wasu da sarƙa a ƙafa. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta amince da haƙƙin marar lafiya na a kula da shi cikin mutunci.

Iyaye maza kaɗan ne suka zo, mun gode musu, amma muna so mu ga fiye da haka, domin galibi kuɗin magani a hannunsu yake. Maganin ciwon damuwa ba ya nuna aiki sai bayan mako biyu zuwa shida, kuma ana ci gaba da sha aƙalla wata shida bayan an ji sauƙi. Wanda ya yi taɓin hankali karon farko yakan yi shekara ko fiye a kan magani. Yawan dawowar ciwo da muke gani daga tsayar da magani ne da zarar yaro ya fara fita kasuwa. In shan maganin kullum ya gagara, a tambayi likita allurar da ake yi duk mako biyu zuwa huɗu. Babba ɗaya a gida ya riƙe maganin, ya riƙa bayarwa yana gani an haɗiye. In yaro ya fara cewa gara ya mutu, a tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa, tambayar ba ta cusa masa tunanin. A ɗauke fiya-fiya da maganin ɓera da tarin magunguna daga inda hannunsa zai kai, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti ranar. 'Yan mata ma suna cikin wannan hali, sai dai ana ɓoye su saboda maganar aure har abin ya yi nisa.

Masu tambayar inda za su je: a Kano akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau da sashen ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri. A tafi da katin asibiti na baya in akwai, da kwalayen duk maganin da yake sha, da mutumin da ya fi sanin halinsa a gida.

Tambayoyin da aka rubuto a takarda lokaci bai kai gare su ba suna hannunmu, da su za mu buɗe zama na gaba. Mai Unguwa zai sanar da ranar a masallatai.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya saka wa kowa da alheri.

Wassalam,
Kwamitin shirya taro