Haɗa amfilifayar bawul ta farko a gida: aikin ƙarfe kafin dalma

Wanda zai haɗa amfilifaya mai bawul, wato kwalaben gilashin nan da ke yin ja kamar garwashi a cikin tsofaffin rediyoyi, gara ya fara da ƙarama. Wadda ta fi dacewa da ɗan koyo ita ce tsarin 5F1, wanda kamfanin Fender na Amurka ya saka a ƙaramar amfilifayar jita mai suna Champ a ƙarshen shekarun 1950. Kwalabe uku ne kacal: 12AX7 mai ɗaga sauti, 6V6GT mai tura sifika, sai 5Y3GT mai mayar da wutar AC zuwa DC. Ƙarfinta bai wuce wat 5 ba. Amma kada ƙanƙantarta ta ruɗe ka, wutar da ke yawo a cikinta ta haura bolt 300, kuma tana kisa.

Taransifoma biyu za ka saya, na wuta da na sauti, kuma a nan ake yawan yin asarar kuɗi. Yawancin na wuta da ake tallatawa don 5F1 an naɗa su ne don lantarkin Amurka mai bolt 120. Namu a Najeriya da Nijar da Ghana tsakanin 220 ne da 240, a kan 50Hz, don haka tabbatar an rubuta hakan kafin ka biya. Ya fitar da kimanin bolt 325-0-325, wato bolt 325 a kowane gefe na wayar tsakiya, da bolt 5 mai amfiya 2 don 5Y3, da bolt 6.3 mai aƙalla amfiya 1, tunda hitar 6V6, wato zaren da ke ɗumama kwalbar, na cin 0.45, ta 12AX7 kuma 0.3. Taransifoman sauti ya zama 5k zuwa 8Ω, kuma wanda aka yi don kwalba ɗaya. Wanda aka yi don kwalabe biyu masu turereniya ba shi da tazarar iska a ƙarfensa, wutar DC za ta cika shi, sautin ƙasa ya shaƙe.

Yanzu ga inda na fi so a daɗe, wato casis, akwatin ƙarfen da komai zai zauna a kai. Mafi yawan ƙugin da ke damun masu haɗi na farko ba daga dalma yake zuwa ba, tun ranar huda ƙarfe aka shuka shi. Ka nemi alminiyam mai kaurin milimita 1.5 zuwa 2, tsawo santimita 30, faɗi 15, zurfi 5. Baƙin ƙarfe ya fi ƙarfi, amma yana cinye bakin dirili, ga tsatsa. Idan falle ka samu, kai wa masu injin lanƙwasa ƙarfe. In babu, matse shi tsakanin ƙarfen kwana biyu, ka ɗora katako a kan layin, ka riƙa bugun katakon da guduma kaɗan-kaɗan daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Bugun ƙarfen kai tsaye yana barin tabo, lanƙwasa shi lokaci guda kuma yana tsaga alminiyam mai tauri.

Kada ka huda ko rami ɗaya sai duk kayan sun iso hannunka. Soket ɗin kwalba mai ƙafa takwas yana buƙatar rami tsakanin milimita 25 da 30, mai ƙafa tara kuma 19 zuwa 22, ya danganta da wanda ya ƙera shi. Auna naka, kada ka dogara da abin da aka rubuta a wani zane. Lulluɓe saman casis da farin tef na takarda, ka jera kayan a kai: taransifoman wuta da 5Y3 a ƙarshe ɗaya, 6V6 a tsakiya, 12AX7 da ramin jita, inda ake jona igiyar jita, a can ɗaya ƙarshen, nesa da wuta iyakar nisa.

Zaman taransifomomin biyu yana da gwaji mai sauƙi. Naɗe duk wayoyin fita na taransifoman wuta da tef, kowace daban, ka ba shi lantarki. Jona ilafon a wayoyin sifika na taransifoman sauti, wanda ba a haɗa shi da komai ba. Za ka ji ƙugi, maganaɗisun babban ne ke tsallakowa ta iska. Riƙa matsar da ƙaramin kana juya shi har ƙugin ya kusa ɓacewa, galibi idan ƙarafansu suka yi kwana 90 da juna. Zana wurin da fensir. Ƙugin da ya shiga ta wannan hanya babu kafasito a duniya da zai cire shi daga baya.

Kowane rami a fara dasa masa ɗigo da ƙusa da guduma, in ba haka ba bakin dirili zai zame ya karce fuskar. Fara da milimita 3, sannan dirili mai matakala ya faɗaɗa. Saka katako a ƙarƙashi, ka ɗaure casis da tebur da kilam. Bakin dirili yakan cafke siririn ƙarfe a daidai lokacin da zai ɓulla, ya juya shi kamar wuƙa, kuma hannu ba ya iya riƙewa. Ɗiga kananzir a bakin, yana hana alminiyam manne masa, ka kuma rage gudun injin a manyan ramuka. Mabuɗin ƙara da ramin jita milimita 10 ya ishe su. Ramin soket ɗin lantarki mai kusurwa huɗu kuwa sai haƙuri: jera ƙananan ramuka a cikin layin, fasa tsakiyar, ka gyara da magagari kana gwada soket ɗin bayan kowane ɗan goge. A ƙarshe kankare ƙayar bakin kowane rami, ka sa zoben roba duk inda waya za ta ratsa. Share garin ƙarfen tas, ƙwaya ɗaya a ƙafar soket ta isa ta haɗa wuta.

Dalma ba ta kama alminiyam. Duk haɗin ƙasa sai da sukuru da noti da washa mai haƙora. Wayar ƙasa ta lantarki, wadda masu wayarin ke kira at, a ba ta nata sukurun ita kaɗai kusa da mashigar wuta, kuma a bar ta ta fi sauran tsawo, don in an fizgi igiya ita ce ta ƙarshen tsinkewa. Fiyus mai jinkirin ƙonewa na amfiya 1 a kan wayar wuta, kafin makunni.

Wayarin a fara da hita. Murɗa wayoyi biyu sosai, ka kwantar da su a lungun casis. A 6V6 ƙafa ta 2 da ta 7, a 12AX7 haɗa 4 da 5 wuri ɗaya, ɗaya wayar ta tafi 9. Tsarin asali ya mayar da casis ɗin kansa wayar dawowar hita, kada ka kwaikwayi wannan. Idan naɗin 6.3 ba shi da wayar tsakiya, sa rasisto 100Ω daga kowane gefe zuwa ƙasa. Sauran kuwa bin zanen wayarin 5F1 ne, wanda ke nuna ƙafar kowane ɓangaren cikin kwalba, wato filet da katod da girid: rasisto 100k a filet na kowane rabin 12AX7, wadda kwalabe biyu ce a gilashi ɗaya, 1.5k a katod, kafasito 0.022µF tsakanin matakai, 470Ω mai wat 5 da 25µF a katod ɗin 6V6, masu tace wuta 16µF da 8µF da 8µF na bolt 450, da 10k da 22k a tsakaninsu. Kada ka cika wa 5Y3 kafasiton farko da sunan kashe ƙugi, wanda ya wuce 22µF yana gajarta mata kwana. Ƙara 220k mai wat 2 a kan kafasiton farko don ya zubar da cajin bayan an kashe. Wayar da ke zuwa girid ta zama gajera, in dole ta ƙetare ta hita, ta gitta ta, kada su jera.

Ranar kunnawa, saka ƙwan fitila mai zare na wat 60 a jere da wayar wuta. LED ba ya wannan aiki. Ƙwan ya yi haske ya dushe, lafiya. Ya tsaya da haske sosai, akwai inda wuta ta haɗe, kashe. Fara ba kwalba ko ɗaya, auna bolt 6.3 da bolt 5 na hita. Sannan saka kwalaben, amma sai sifika tana jone, domin kunna ta babu sifika yana iya ƙona taransifoman sauti. Maƙale baƙar wayar mita a casis, ka auna da hannu ɗaya, ɗayan a aljihu. Bayan ka cire ƙwan, a ƙafa ta 8 ta 5Y3 za ka ga wajen bolt 350, a katod ɗin 6V6 kuma 18 zuwa 20. Raba 19 da 470, ya ba ka kusan miliamfiya 40, daidai ke nan. Lantarkinmu yana hawa da sauka, na janareta ya fi muni, don haka auna soket ɗin bango kafin ka zargi haɗinka.

Idan ta ɗumama ta kwarma ihu ko da an rufe ƙara, rasisto 22k mai dawo da sauti daga sifika zuwa katod na rabi na biyu na 12AX7 ne ke ƙarawa maimakon ragewa: musanya wayoyi biyun taransifoman sauti na ɓangaren kwalba. Ƙugi mai kauri na 50Hz daga hita yake ko zaman taransifoma. Mai ɗan kaifi na 100Hz daga tace wuta yake, ko an haɗa ƙasan kafasiton farko kusa da ƙasan ramin jita. Kafin ka sa hannu gyara kowanne, zare filogi, ka jira, ka ɗora mita a kan kowane babban kafasito har ka ga ya sauka ƙasa da bolt 10.